Yadda za ku gane ko ana kula da tsohonku da kyau a gidan jinyar tsofaffi a Ingila

'Yan'uwa mazauna Ingila sun sha aiko da tambaya iri ɗaya. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko mantuwar Hajiya ta kai ta buɗe ƙofa ta fita cikin dare, asibiti kuma ya ce ba za a sallame su zuwa gida ba sai inda ake da ma'aikacin jinya dare da rana. Bahaushe ba ya son a ce ya kai iyayensa gidan tsofaffi, amma wanda ke fita aiki tun asuba, ba dangi kusa, wani lokaci ba shi da zaɓi. To ta yaya za a zaɓi gidan, kuma bayan an kai su, ta yaya za a san ana yi musu abin da ya dace? Amsar ba a falon baƙi take ba. Tana jikin tsohon, a fatarsa da bakinsa da nauyinsa, sannan a takardun da ma'aikata ke cikewa kullum. Dokoki da kuɗaɗen da ke nan na Ingila ne kaɗai, Sikotilan da Wales da Ireland ta Arewa kowacce da nata tsarin.

1. Ku tantance irin gidan da yake bukata

Gidajen iri biyu ne. Akwai na zama, inda masu kula ke taimakawa da wanka, sa kaya, abinci da ba da magani, amma ba nas a ciki. Akwai na jinya, wanda dole a samu nas mai rajista a kowane lokaci. Mai robar abinci a ciki, mai gyambon da ake wankewa kullum, ko wanda lafiyarsa ke yawan juyawa, galibi gidan jinya yake bukata. Ku nemi sashen kula da manya na ƙaramar hukumarku ya zo ya auna bukatunsa. Kyauta ne, kuma dokar kulawa ta 2014 ta ba shi wannan haƙƙi komai yawan dukiyarsa.

Gargaɗi: kada gaggawar asibiti ta sa ku amince da gida kafin a yi wannan awon. Sauya wa mai cutar mantuwa wuri sau biyu a wata guda yana ƙara rikita shi sosai.

2. Ku san wa zai biya, da nawa

Gidan jinya yakan haura fam 1,000 a mako, a Landan da kudancin ƙasar kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Idan dukiyar tsohon ta wuce fam 23,250, shi zai biya. Tsakanin 14,250 da 23,250 ƙaramar hukuma na taimakawa, shi ma yana ba da wani abu daga ajiyarsa. Ƙasa da 14,250 ba a taɓa ajiyar, amma ana karɓar mafi yawan fanshonsa a bar masa ɗan kuɗin kashewa. Ba a lissafa gidansa idan matarsa ko mijinta na zaune a ciki, haka ma a makonni 12 na farko.

Abu biyu iyalai ke yawan mantawa. Na farko, wanda bukatarsa ta rashin lafiya ce mai tsanani yana iya cancantar NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ta ɗauki nauyin komai, don haka ku ce a auna shi kafin a fara maganar sayar da gida. Na biyu, ko bai samu wannan ba, NHS na biyan gidan kai tsaye wani kaso na aikin nas, wanda ya kai kusan fam 254 a mako a Afrilun 2025. Ku tambaya ko an cire wannan daga farashin da aka faɗa muku ko ba a cire ba.

Gargaɗi: idan kun zaɓi gidan da ya fi abin da hukuma ta yarda ta biya tsada, za a ce wani daga dangi ya sa hannu zai riƙa cike gurbin. Wannan cikon yana tashi kusan kowace shekara. Kada wanda albashinsa da kyar yake kai wa ƙarshen wata ya sa hannu don kunya. A yarjejeniyar kuma ku duba kwana nawa ake ba da sanarwar tashi, me ake biya daban kamar aski, yankan farce da rakiya asibiti, da kwana nawa za a ci gaba da cajin ɗaki bayan rasuwa.

3. Ku karanta rahoton CQC, har da kwanan watansa

CQC ce hukumar da ke yi wa gidajen rajista tana kuma duba su. Tana auna abu biyar: tsaro, ingancin aiki, tausayi, biyan bukatar kowane mutum, da shugabanci. Sakamakon mataki huɗu ne, za ku gane su da launi: tauraro shi ne mafi kyau, koren ɗigo mai kyau, ruwan lemo yana bukatar gyara, ja kuma bai isa ba. Doka ta ce gida ya manna sakamakonsa inda kowa zai gani, ya kuma sa a shafinsa na intanet.

Kada ku tsaya a launin. Wasu rahotannin sun yi shekaru, kuma gida yana lalacewa cikin wata shida idan manaja nagari ya tafi. Ku buɗe cikakken rahoton ku karanta sashen tsaro da na shugabanci, sannan ku tambayi gidan tun yaushe manajan yanzu yake wurin. Gidan da ya canza manaja uku a shekara biyu, ku yi hattara da shi ko da launinsa kore ne.

4. Ku je da kanku, sau biyu aƙalla

Zuwan farko da alƙawari, za a zagaya da ku a ba ku shayi. Na biyu shi ne na gaskiya: ku je ba sanarwa, lokacin abincin rana ko da yamma a ƙarshen mako, sa'ar da manaja ba ya nan.

Ku fara da hanci. Zarnin fitsari a ɗaki ɗaya da safe ba abin mamaki ba ne, amma idan ya kama kujeru da darduma har turaren feshi ya kasa rufe shi, ana barin mutane cikin jiƙa. Sai kunne. Idan ƙararrawar kira ta yi ƙara, ku duba agogo ku ga minti nawa kafin a amsa. Sai ido: farcen mazauna, gashin baki da abinci ya bushe a kai, rigar da aka saka a baibai, kofin ruwa da aka ajiye inda hannu ba zai kai ba, igiyar ƙararrawa da aka rataye bayan gado. Ku lura ko ma'aikaci yana ƙwanƙwasa ƙofa kafin ya shiga, ko yana yi wa tsoho magana kafin ya tura kekensa. Wanda ake turawa ba a ce masa uffan ba, haka ake yi masa a banɗaki ma.

A Ingila doka ba ta yanka adadin ma'aikata ga mazauna ba, cewa kawai ta yi su wadatar. Don haka ku yi tambayar da lamba: mutum nawa ke wannan hawa, masu kula nawa da rana, nawa da dare, nas nawa? Cikinsu nawa ne na haya daga kamfanin waje? Ma'aikacin haya ba laifi gare shi ba, sai dai bai san cewa Baba ba ya iya haɗiye ruwa tsinke ba. Idan mutum goma suna bukatar ma'aikaci biyu kafin a ɗaga su, kuma biyun ne kawai ke hawan da dare, ku yi lissafin da kanku.

5. Ku zauna a rubuta tsarin kulawarsa da ku

Kowane mazauni yana da takardar tsarin kulawa, a fayil ko a kwamfuta. Ma'aikacin da ya shigo aiki ita yake bi, abin da ba ya ciki kuwa kamar ba a faɗa ba ne. Kada ku dogara da "ai mun gaya wa nas". Ku sa a rubuta, ku karanta, ku nemi kwafi.

Abubuwan da gidan ba zai sani ba sai kun faɗa: abincin halal, kuma daga ina ake sayo naman, domin wasu gidajen suna rufe bakin maganar da ba shi kifi da ganye kullum har ya gaji ya daina ci. Mace ce za ta yi wa Hajiya wanka, kuma me za a yi daren da ba mace a bakin aiki. Tsarki da ruwa bayan bayan gida, ku kawo buta ku nuna yadda ake yi. Lokutan salla, inda alƙibla take a ɗakin, taimako wajen alwala ko dutsen taimama kusa da gado. Man shafawa bayan kowane wanka, domin ɗumin hita yana busar da fatarmu har ta tsage, da yadda ake gyara gashinta. Sunan da za a kira shi: dattijon da duniya ke ce wa Alhaji ko Malam ba zai ji daɗi yarinya sa'ar jikarsa ta kira sunansa gatsau ba.

Mai cutar mantuwa yakan rasa harshen da ya koya da girma ya koma na yarinta. Wanda ya yi shekara 40 yana aiki da Turanci sai a wayi gari Hausa kawai yake yi, ma'aikata su rubuta cewa "ya rikice" alhali ruwa yake roƙo. Ku rubuta musu kalmomi kamar 20 da ma'anarsu a manna a bango: ruwa, fitsari, ciwo, sanyi, yunwa, salla, sannu, bari. Akwai 'yan Najeriya da Gana da yawa a wannan aiki, ku tambaya ko akwai mai jin Hausa.

Gargaɗi: zama ɗa ko 'ya bai ba ku ikon yanke masa hukunci ko ganin duk takardunsa kai tsaye ba. Tun yana cikin hayyacinsa ku yi takardar wakilci ta dindindin, ɗaya ta lafiya ɗaya ta dukiya, a yi musu rajista. Ku kuma tattauna da likita batun ko za a danna masa ƙirji idan zuciya ta tsaya, kada ku tarar da takardar a fayil ba ku sani ba. A rubuta masallacin da za a kira da bukatar gaggauta jana'iza.

6. Fata: nan ake kama gidan da ba ya aiki

Gyambon kwanciya yana fitowa ne idan nauyin jiki ya danne fata a kan ƙashi jini ya kasa zuwa. Ga wanda ba ya motsi, 'yan awanni sun isa. Wuraren da za ku duba su ne ƙasan baya inda ƙashin gindi yake, ɗuwawu, kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, gwiwar hannu, kafaɗa, ƙeya, da bayan kunne ga mai robar iskar numfashi.

Ga abin da ya fi shafar mu. Yawancin ma'aikata an koya musu su nemi jan da ba ya gushewa idan an danna da yatsa. A baƙar fata jan ba ya fitowa. Abin da ake gani shi ne wuri ya ƙara duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, ko ya yi sheƙi. Sau da yawa hannu ne ke ganewa kafin ido: wurin ya fi kewayensa zafi ko sanyi, ya yi tauri ko ya yi luguf, tsohon kuma ya zabura idan an taɓa. Shi ya sa ake yawan gano gyambon baƙin mutum sai ya riga ya fashe. Ku ce a riƙa duba shi da hasken rana ko fitila mai kyau, a kwatanta ɓangaren dama da na hagu, a taɓa da hannu. Ku tambayi nas kai tsaye yadda take gane matakin farko a baƙar fata. Amsarta za ta nuna muku abubuwa da yawa.

Sannan ku nemi ganin abu uku. Na ɗaya, makin haɗarinsa. Gidaje da yawa suna amfani da ma'aunin Waterlow: 10 zuwa sama akwai haɗari, 15 haɗari babba, 20 mai tsanani. Na biyu, takardar juyi. Ƙa'idar hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya, ita ce a juya mai haɗari aƙalla kowace awa 6, mai babban haɗari kowace awa 4, wasu kuma ana rubuta musu awa 2. Ku kwatanta takardar da abin da idonku ya gani. Idan kun zauna da shi daga ƙarfe 1 zuwa 5 ba wanda ya juya shi, kuka kuma ga an cike layin ƙarfe 2 da na 4, takardun gidan ba abin yarda ba ne, har da na magani. Na uku, katifa. Idan ta iska ce, ku duba injin yana kunne, ba ya kukan gargaɗi, kuma idan mai saiti ce an saita ta da nauyinsa na yanzu. Wanda ya rame daga kilo 75 zuwa 60 aka bar saitin a 75, katifar ta yi masa tauri.

Kwanciyar da ta dace ita ce a karkata shi kaɗan, kamar digiri 30, a tokare bayansa da filo, kada a ɗora shi kan kwatangwalo sosai. A sa filo ƙarƙashin sangalin ƙafa yadda dunduniya za ta rataya ba ta taɓa katifa ba.

Gargaɗi: kada ku murza ko ku yi tausa a wurin da ya canza launi, da man zafi ko da man kaɗanya, naman da ke ƙasa kuke ƙara ɓatawa. Kada a gasa da ruwan zafi. Kada a ninka famfas biyu don ya daɗe, danshin fitsari yana jiƙa fata ta saluɓe. Idan gyambo ya buɗe, ku nemi a auna shi, a ɗauki hoto, a rubuta matakinsa daga 1 zuwa 4, kuma a kira nas ƙwararriya kan raunuka idan ya yi zurfi.

7. Ci, sha, nauyi da baki

Ana auna nauyin mazauni aƙalla sau ɗaya a wata, mai rama kuma kowane mako. Ku nemi lambobin wata shida a jere. Ma'aunin MUST da gidajen ke bi yana ɗaukar raguwar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a wata 3 zuwa 6 a matsayin alamar haɗari, fiye da kashi 10 kuma babban haɗari. Mai kilo 70 da ya koma 65 ya shiga layin farko, ya kamata a ce an ƙara masa abinci mai maiƙo da madara, an kuma sanar da likita. Zobe da ke zamewa da wandon da ya yi yawa suna faɗin gaskiya kafin sikeli.

Ruwa, abin da ake so shi ne kusan lita 1.6 ga mace, lita 2 ga namiji a yini, sai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda. Tsoho ba ya jin ƙishi sosai, wasu kuma suna ƙin sha don kada su dami mutane da fitsari. Busasshen harshe, fitsari mai duhu, taurin bayan gida da yawan barci su ne alamun. A takardar ruwa ku duba ko abin da aka ba shi ake rubutawa ko abin da ya sha.

Wanda ke ƙwarewa ko tari lokacin cin abinci, ko muryarsa ta yi kamar da ruwa a maƙogwaro bayan ya sha, yana bukatar mai duba haɗiya ya gan shi. Za a rubuta masa matakin kaurin abinci da abin sha a ma'aunin IDDSI, daga 0 zuwa 7. A zaunar da shi bayansa a miƙe, a ba shi a hankali da ƙaramin cokali, ya kuma zauna minti 30 bayan ya gama.

Gargaɗi ga dangi: wannan matakin ya hau kanku ku ma. Kunu, fura da tuwo mai laushi da miyar kuka suna dawo wa tsoho da sha'awar abinci, amma ku nuna wa nas kafin ku ba shi. Tsire, dabino, gyaɗa da shinkafa warwara suna iya wucewa huhu. Azumi kuma, ga mai ciwon suga ko mai shan magani da yawa, a yi shawara da likita da malami tun kafin watan ya kama.

Ku buɗe bakinsa ku duba. Ana so a goge haƙora sau biyu a yini, a cire haƙoran roba da dare a wanke. Ku taɓa buroshinsa da hantsi: idan a bushe yake ƙamas, ba a yi ba. Dattin baki yana gangarawa huhu ya zama ciwon haƙarƙari, kuma ciwon haƙori na cikin dalilan da ke sa mai mantuwa ya ƙi abinci ko ya kai duka.

8. Magani

Kowane magani yana kan takardar da ake kira MAR, ana sa hannu duk lokacin da aka bayar. Ku nemi gurbin da ba sa hannu, da inda aka rubuta "ya ƙi" kwana da kwanaki ba a gaya wa likita ba, da inda aka ce magani ya ƙare. Na cutar karkarwa ta Parkinson da allurar insulin ba sa jiran a gama raba shayi, lokacinsu ƙayyadadde ne.

Idan kuka tarar da wanda kuka bari yana hira ya koma barci ba dare ba rana, yawu na zuba, ku tambaya ko an fara masa sabon magani. Magungunan kwantar da masu taɓin hankali suna ƙara wa mai cutar mantuwa haɗarin shanyewar jiki da faɗuwa. Ba a fara su sai an rasa wata hanya, kuma ana sake duba su aƙalla kowane mako 6. Rikicewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa ba tsufa ba ce, a nemi ciwon mafitsara, na ƙirji, taurin ciki ko rashin ruwa a ranar. Ɓoye magani cikin abinci ba ya halatta sai an tabbatar ba ya iya yanke wa kansa hukunci, likita da mai harhaɗa magani da dangi sun zauna an rubuta. Ku ma kada ku kawo masa jiƙo ko garin magani daga gida a ɓoye, musamman idan yana shan na tsinka jini.

9. Faɗuwa da tabo

Duk faɗuwa a sanar da ku, a rubuta, a kuma faɗi abin da aka canza bayanta: takalmi, tabarau, tsayin gado, tabarmar da ke ƙara idan ya sauko. Mai shan maganin tsinka jini da ya bugu a kai yana bukatar likita nan take ko da ya ce lafiya lau. Ƙarfen gefen gado ba maganin faɗuwa ba ne ga mai rikicewa, haurawa zai yi ya faɗo daga sama, ko ya maƙale. Tabo a cikin damtse ko ƙarƙashin hammata yakan nuna ana ɗaga shi da hannu maimakon na'urar ɗagawa. A baƙar fata shi ma sai an duba da kyau, a shafa a ji kumburi.

10. Idan kun ga ba daidai ba

Ku bi mataki-mataki. Ku gaya wa nas da ke bakin aiki a ranar, cikin ladabi, ku rubuta kwanan wata da lokaci da abin da kuka gani a littafinku. Idan ba a gyara ba, ku aika wa manaja ta imel, ku ce ƙorafi ne a hukumance, ku nemi ranar da za a ba ku amsa. Mutum ɗaya daga dangi ya riƙe maganar, domin idan 'ya'ya biyar kowa na kira da tasa, gidan zai samu hanyar zamewa. Hoto, na tsohonku kaɗai za ku ɗauka kuma da yardarsa, kada wani mazauni ya fito a ciki.

Idan abin ya kai duka, zagi, satar kuɗi, ko sakacin da ya jawo gyambo mai zurfi, kada ku jira manaja. Ku kira sashen kare manya na ƙaramar hukumar da gidan yake, in akwai haɗari a lokacin kuma lambar gaggawa ta 999. Ku sanar da CQC ma, amma ku sani ba ta bin ƙorafin mutum ɗaya ta warware masa, tana tara bayanin ne ta yanke ko za ta kai samame. Mai bin kadin ƙorafinku idan amsar gidan ba ta gamsar ba shi ne ofishin Ombudsman na ƙananan hukumomi da kula da jama'a, kyauta, ko hukuma ke biya ko ku ke biya. Tun Afrilun 2024 ba da damar ziyara ya shiga cikin ƙa'idojin da CQC ke tilasta wa gidaje, don haka idan aka fara taƙaita muku zuwa bayan kun yi ƙorafi, wannan ma ku rubuta shi ku kai. Ombudsman yakan karɓi ƙara ne cikin wata 12 daga lokacin da kuka san matsalar, kada ku bari musayar wasiƙu da gidan ta cinye wa'adin.